Takarda mai lamba da sa hannu, a cikin danshin Legas

Duk wanda ya daɗe a Legas ya san zanen bango ba ya daɗewa. Yau ka wuce ƙarƙashin gada ka ga wani matashi ya zuba aiki da fentin feshi, hoton mai baro ko 'yar talla da tire a ka, kafin ka ankara fastocin 'yan siyasa sun rufe rabi, sauran kuma hayaƙin motocin danfo da ruwan sama sun cinye. Sai fa irin wanda hukuma ta tsaya masa, kamar zanen matan nan da Polly Alakija ta yi a ginshiƙan gadar Falomo a 2017. Shi ya sa ni dai na koma tara bugun takarda na masu zanen titi, wanda mai zanen ya ƙayyade adadinsa ya sa hannu, don shi ne kaɗai abin da zan iya riƙewa in bangon ya tafi.

Ga wanda bai saba ba, abin a ƙasan takardar yake. Ta hagu za ka ga lamba da fensir, a ce 12/50, wato kwafi 50 ne masu lamba gaba ɗaya kuma naka ne na 12, ta dama kuma sa hannun mai zanen. Da fensir ake yi saboda biro yana koɗewa, kuma fensir yana ɗan nutsewa cikin takarda yadda inji ba ya iya kwaikwayo, in ka karkata ta wajen haske za ka ga ƙyallinsa. Wani lokaci ka ga an rubuta A/P maimakon lamba, wannan 'yan kwafin da mai zanen ya ware wa kansa ne. Lambar nan alkawari ce, cewa ba zai sake buga wannan hoton haka ba, kuma gaskiya kuɗinka a kan alkawarin ka ba da, ba a kan takarda da fenti ba.

Kowa Banksy yake fara ambata, mai zanen titin nan ɗan Bristol ta Ingila da yake ɓoye fuskarsa. Hotonsa na yarinya da balan-balan an buga 150 masu sa hannu da 600 marasa sa hannu, kuma farashinsu ba ko kusa ba. Shi ne wanda wani zanensa ya yayyanka kansa a wajen gwanjon Sotheby's a Landan a 2018 bayan an saye shi fam miliyan 1 da 'yan kai, a 2021 aka sake sayar da shi sama da fam miliyan 18. Amma abin da ya fi burge ni shi ne ofishin da ya kafa, Pest Control, su kaɗai ke ba da shaidar cewa aiki nasa ne. To don Allah in wani a Instagram ya ce yana da Banksy mai sa hannu a Lekki zai bar maka da araha kuma babu takardarsu, ka riƙe kuɗinka.

Ni aljihuna bai kai can ba, kuma raina ma ba can yake ba. Wanda nake bibiya wani matashi ne a ɓangaren Yaba, yana bugawa da hannu ta kan raga, launi bayan launi, irin yadda ake buga rigunan kamfe amma a takarda mai kauri. Na tsaya a kansa yana jan fenti, ja ya bushe sannan baƙi ya hau, a kwafina har akwai inda jan ya ɗan leƙo gefen baƙin kuma wallahi wurin na fi so. Da ya gama adadin a gabana ya wanke ragar. Wannan ya fi min kowane satifiket, domin na taɓa ganin wani daban da ya sayar da 30 suka ƙare, bayan 'yan watanni sai ga hoton ya dawo an sauya launin sama kawai wai sabon bugu ne. Tun daga nan ban ƙara sayen nasa ba.

Kuma kada a ɗauka abin baƙo ne a wajenmu. Bruce Onobrakpeya, dattijon masu bugun zane a Najeriya da ɗakin aikinsa ke Mushin, a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Yusuf Grillo. Shekara da shekaru yana sa lamba da hannu a ƙasan aikinsa.

Babban abokin gaba a nan shi ne danshi. A Kano ƙura ce matsalarka, a Legas kuwa damina ɗaya ta isa takarda ta yi ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa ko fumfuna ta kama bayanta. Mai firam ɗina a Agege ranar farko cewa ya yi, Alhaji a yi mata laminatin mana a huta. Na ce a'a Malam, wannan ba takardar makaranta ba ce, in leda ta manne shi ke nan an kashe ta, ba mai ƙara saye. Yanzu ya gane, yana sa kwali marar asid a tsakani don kada gilas ya taɓa fentin, ba ya sa gam ko salatif, ba ya yanke gefen takarda ko da ya yi masa yawa tunda nan lamba da sa hannun suke. A gida kuma ba na ratayewa a bangon da ke jingine da banɗaki ko inda rana ke bugawa, waɗanda ba su samu firam ba suna kwance a shimfiɗe cikin durowa da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, in damina ta kankama nakan buɗe in duba bayansu ɗaya bayan ɗaya.