Wata takwas ina aiki da kwamfuta mai girman katin banki

Laftof ɗina ya mutu ana tsakiyar bazara, kuɗin sabo kuma babu. Sai na tuna da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 da ƙanena ya jefa a durowa bayan ya gama aikin makaranta, mai ƙwaƙwalwar giga 4. Na haɗa shi da tsohuwar talabijin, na ɗora masa babbar manhajar da ke tafiyar da shi, Raspberry Pi OS, wato wata irinta mai suna Debian ce aka yi wa ɗinki daidai jikinsa.

Aikina bai wuce rubutu da lissafin shago ba, kuma LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi, ya ɗauke su ba gardama. A saitin kibod ma na tarar da tsarin Hausa, ɓ da ɗ da ƙ suna fita ba sai na je kwafo su a intanet ba. Wuta kuwa lasa yake yi, batirin solar da ke juya mana fanka yana riƙe shi har bayan isha'i.

Wahalar farko ni na jawo wa kaina. Caja yake so mai volt 5 da amfiya 3, na ce ai caja caja ce, na soka masa ta waya. Kullum gargaɗi a kusurwar allo wai wuta ba ta isa. Sai kuma zafi: a ɗakin kwano cikin Afrilu, da ya haura digiri 80 sai ya rage gudu da kansa, kamar jakin da aka cika wa kaya. 'Yar fanka ta yi maganin wannan.

Wadda ta ƙona min rai ita ce ta katin memori, wanda daga shi yake tashi, kuma a ciki yake adana komai. Ranar a soket na jona shi, aka ɗauke wuta ina cikin adana aiki. Da ta dawo ya ƙi tashi, na cire katin, na hure, na mayar, shiru. Lissafin sati uku ya tafi, har da sunayen masu bashi. Yanzu daga SSD yake tashi, wato ma'ajiyar bayanai da ake jonawa ta USB, kuma duk Juma'a sai na kwafe komai a filashi.

A burauza ne yake nuna ƙarfinsa ƙalilan ne. Ka buɗe shafi goma a Chromium ka ƙara da YouTube, sai ka sha shayi kafin ya amsa. Wasu manhajojin ma ba a yi su don injin ARM da ke cikinsa ba. Pi 5 da ya fito a 2023 ya fi shi gudu sosai, amma cajarsa amfiya 5 ce, ni kuma ban gama biyan kuɗin SSD ba.