Daga Yamai zuwa Tawa, da lissafi a bayan tikiti

Ƙarfe 5 na asuba motarmu ta tashi daga Yamai. Ina tare da ɗiyar ƙanwata, wadda za ta zauna jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, bana. Gari na wayewa mun kai Kure, kilomita wajen 60, kowa ya manne da taga yana neman raƙuman dawa. Nan ne dattijon da ke gabanmu ya laluba aljihu ya yi salati: ya baro maganin hawan jininsa a gida. Ya kira ɗansa, yaron ya ce ga shi nan tafe da ƙaramar mota.

"To a ina zai cim mana?" in ji dattijon. Wani ya ce Ƙonni, wani ya ce sai Tawa. Na miƙa wa yarinyar biro da tikitinmu.

Ta san cewa nisa shi ne gudu sau lokaci, ta haddace shi tun a lakwal. Inda ta tsaya shi ne me za ta kira x, kuma a ganina nan ne yawancin yaranmu ke tsayawa, don ana ba su ƙa'ida ba a nuna musu ta ina ake kama tambaya. Na ce, "Ranar da ya cim mana, mene ne zai zama ɗaya tsakaninmu da shi?" Ta yi shiru. Can ta ce, "Nisan da muka yi daga Yamai, Kawu."

Sauran ya zo da kansa. Awannin da yaron zai yi a hanya su ne x, namu kuwa x + 1 tunda mun riga shi da awa guda. Mu muna cin kilomita 60 a awa, shi ya ce zai yi 90. Ta rubuta 90x = 60(x + 1), ta buɗe baka, ta kwashe 60x daga kowane gefe, 30x = 60. Awa 2 ke nan, kilomita 180, tsakanin Doso da Dogon Dutsi, cikin daji.

Yaron mota ya leƙo ya ce ai akwai tsayuwar rabin awa a Doso. Ta sake duƙawa. Doso kilomita kusan 140 ce: mu za mu isa 7 da minti 20, shi kuma bayan 7 da rabi da kaɗan. "Baba Alhaji, ku ce masa ya same mu a tashar Doso." Muna shan shayi ya iso, dattijon ya yi ta sa mata albarka.

Daga nan sai zafi da barci. Muka wuce Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, a Tsarnawa muka karya arewa, muka ratsa Badagishiri. Ƙarfe 4 na yamma muka shiga Tawa, masu cuku na ta kewaya motar. Kafin a sauke kaya ta raba kilomita 550 da awa 11, ta nuna mini 50, ta ce tsaye-tsaye sun cinye mana 10 a kowace awa.