Shekarar da na ɗauki sarƙar gunduma a Ingila

Da labari ya isa gida a watan Mayun 2022 cewa an zaɓe ni shugaban majalisar gundumarmu a Ingila, waya ta dinga shigowa. Barka da addu'a suka fi yawa, amma akwai mai tuna mini da ɗansa da ya gama bautar ƙasa yana zaune, akwai mai tambayar ko da ɗan aikin hanya. Ban ga laifin kowa ba. A Najeriya ciyaman na kowace daga cikin ƙananan hukumomi 774 shi ke da asusu, shi ke sa hannu a kwangila. Kujerar da na hau kuwa ko masinja ba ta iya ɗauka aiki.

Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ce ta tsara ta. Kansiloli ke zaɓar ɗaya daga cikinsu duk shekara, kuma zaɓen nan shi ne abu na farko da ake yi a babban taron shekara. Inda garin ke da wani tsohon matsayi daga fadar sarki sai a kira mutumin magajin gari, inda babu a kira shi shugaban majalisa, aikin dai ɗaya ne. Ikon kuɗi da manufofi a yawancin majalisu, tun bayan dokar shekarar 2000, yana hannun jagoran majalisa da 'yan kabinet ɗinsa, kuma doka ta hana shugaba shiga wannan kabinet. Abin da aka bar masa biyu ne: ya jagoranci zaman majalisa, ya kuma tsaya a madadin dukkan mutanen gunduma a duk inda aka taru. A cikin iyakar gundumarsa shi ne gaba da kowa a jerin manya, sai dai in sarki ko wakilinsa na lardi ya halarta.

Jagorancin zama ya fi ba ni wuya, don ni mutum ne mai magana. Shekaruna na kansila na yi su ina tashi ina kare jam'iyyata. Ranar da aka rataya mini sarƙa, alamar muƙamin da shugaba ke sawa a wuya, sakataren ofis, dattijon da ya ga shugabanni da yawa sun zo sun wuce, ya miƙo mini littafin ƙa'idojin zama ya ce in haddace shi, don ranar da muhawara ta yi zafi ba ni da wani makami sai shi. Haka kuwa aka yi. A zaman kasafin kuɗi na watan Fabrairu wani abokina na jam'iyya ya wuce mintunan da aka ƙayyade masa, na katse shi a tsakiyar jimla, na ba ɗan adawa dama. Ya kwana biyu yana gaishe ni sama-sama. Amma daga ranar 'yan adawa suka daina yi mini gardama in na yanke hukunci, kuma na gane cewa amanar da suka ba ni ita ce kaɗai jarin kujerar. Doka ta ba shugaba ƙuri'a ta biyu in an yi kunnen doki, ba ta kuma ɗaure shi kan yadda zai jefa ta ba. Na ɗaukar wa kaina cewa in ta kama zan bar abu yadda yake, a koma a sake shawara. Sauyin da bai samu rinjaye ba bai kamata ya shigo ta hannun alƙalin zama ba.

Sarƙar tana da nauyi fiye da yadda take a hoto. Sai an kama ta da ƙananan allurai a kafaɗun kwat, in ba haka ba ta zame ta ja wuya. A jikin ƙananan farantanta an zana sunayen waɗanda suka riga ni, wasu har sun fara gogewa, a ƙasa kuma tambarin gunduma ke rataye a ƙirji. Tana da ƙa'idodinta. Ba a shiga gundumar wani da ita sai da izinin shugaban can, ba a kuma zuwa taron jam'iyya da ita. Da farko na ɗauki wannan a matsayin tsirfa irin ta Turawa. Daga baya na ga hikimar: yaran firamare da ke rububin taɓa ta ba su san jam'iyyata ba, garinsu suke gani, kuma ba ni da hurumin in ɓata musu wannan.

Allah ya sa shekarata ta faɗo a kan abin da babu wanda ke ofis ɗin ya taɓa gani. Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumban 2022. Ranar Asabar 10 ga wata aka yi shelar sarautar Sarki Charles na Uku a fadar St James da ke Landan, washegari Lahadi takardar ta iso larduna, daga nan ta sauko gundumomi, kowane shugaba ya karanta wa mutanensa. An ɗaga tuta sama saboda shelar, daga baya aka sake sassauto ta saboda makoki. Na tsaya a matakalar ofishin majalisa da baƙin laktai, takarda a hannu tana rawa saboda iska, tsofaffin sojoji da lambobinsu a gaba, mata da jarirai a keke a baya. Kowa a wurin ya riga ya ji labarin a talabijin da waya. Duk da haka suka fito, don su ji daga bakin mutumin garinsu, kamar yadda sankira ke zagaya gari da sanarwar fada ko da maganar ta riga ta bazu a kasuwa. Na san tarihin da ke tsakanin wannan gidan sarauta da ƙasar da aka haife ni, ban kuma manta da 1903 ba, shekarar da Turawan Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato. Na karanta ne saboda maƙwabtana sun ɗora mini, kuma hakkinsu ne in sauke da kyau.

Haka ma ranar tunawa da mazan jiya, Lahadi ta biyu a watan Nuwamba. Ƙarfe 11 daidai ake yin shiru na minti biyu, sannan a ajiye furanni a gindin dutsen da aka zana sunayen mamata. A ɗan jawabina na ambaci runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a Burma, cikinsu da Hausawa masu yawa. Bayan an tashi wasu suka zo suna cewa ba su taɓa ji ba.

Sauran shekarar ƙananan abubuwa ne, kuma a nan na fi koyo. Bikin cikar wata tsohuwa shekara ɗari a gidan kula da tsofaffi, rabon kyauta ga 'yan sikawut, buɗe rumbun abincin mabuƙata, tara kuɗi wa ƙungiyar agajin da kowane shugaba ke zaɓa a shekararsa. Na koyi in iso kafin lokaci, in tambayi sunan wanda ya share ɗakin ya jera kujeru, in gajarta jawabi. In aka ɗaga kofi don girmama sarki na ɗaga nawa na ruwa, babu wanda ya ko kalle ni. Bikin da ya fi taɓa ni shi ne na ba da takardar zama ɗan ƙasa, wanda aka fara yi a Birtaniya a 2004. Ni ma na taɓa tsayawa a wannan layi. In na ga magidanci daga Sudan ko Afganistan yana maimaita rantsuwa muryarsa na rawa, nakan tsaya in yi masa maraba a hankali, in bar shi ya ɗauki hoto da iyalinsa har ya gamsu.

Wasu kansiloli na ganin kujerar ɓarnar kuɗi ce a lokacin da majalisu ke yanke ayyuka, kuma maganarsu abin sauraro ce. A garin High Wycombe har yau ana ɗora magajin gari a sikeli a bainar jama'a, a ga ko ya yi ƙiba da kuɗin talakawa. Ni dai na rage walima, na yi ta tuƙa kaina. Amma ban yarda a soke kujerar ba, don gari na buƙatar mutum ɗaya da kowa zai iya gayyata ba tare da an ce ya bi wani ɓangare ba.

Abin da na lura da shi a kundin gayyata shi ne kusan duk daga coci-coci da tsofaffin ƙungiyoyi suke zuwa. Masallatai da ƙungiyoyin baƙi ba su san ana iya gayyatar shugaba ba, kuma kyauta ne. Na sa ofis ya rubuta musu. A azumin 2023 na je buɗe-baki da sarƙa a wuya, na tafi da mataimakiyata, wadda ba ta taɓa shiga masallaci ba. Ita ta gaje ni a watan Mayu, kuma da azumi ya zagayo ita da kanta ta nemi a sa mata ranar a jadawali. A shekarar 2024 ne kuma Abigail Marshall Katung, haifaffiyar Zariya, ta zama magajiyar garin Leeds. 'Yan uwanmu da ke zaune a nan, duk wanda ya cika sharuɗɗa zai iya tsayawa takarar kansila a unguwarsa, kuma ta nan ake farawa.