Laraba, da lissafin Baba

Yau da fara'a aka tashi. Uwargida ta dama kunun gyaɗa, mashin ya tashi bugu ɗaya, da na isa ofis kuma na tarar an kawo rigunan garaɓasar nan da kamfaninmu ke yi, kowa da tasa har da hula. Ɗan Zuru ya saka tasa ta tsaya masa a cibiya. Muka yi ta dariya har Hajiya akanta ta leƙo ta ce mu sassauta, Oga na waya da hedikwata.

Jega da hantsi. Alhajinmu, dilan da nake kai wa kaya a can, ya karɓi kaya sosai, amma da zan tafi ya ce mini, yana murmushi, shi yanzu ba ya sayen taliya sai lokacin da muka ce "sayi katan goma a ba ka ɗaya". In mun tsaya, shi ma ya tsaya ya jira mu. Na leƙa sitonsa, ta watan jiya ma tana nan jibge. Ke nan cinikin wata mai zuwa muke ci tun yanzu, kuma da ragi, don katan ɗaya cikin 11 ragin kusan kashi 9 cikin 100 ne. Wanda ya san ribar katan ɗin taliya ya san abin da hakan ke nufi.

Amma ba wannan ne ya hana ni kwanciya ba.

Bayan la'asar na shiga sitonmu in ba Baba, mai kula da siton, rasit ɗina. Na same shi tsaye gaban sabulu, biro a kunne, leɓensa na motsi. Ya ƙirga layi ya kai ƙarshe, ya koma farko. Na yi sallama bai ji ba. Ku da kuka daɗe kuna karanta ni kun san Baba: mutumin da zai kalli tarin kaya daga ƙofa ya faɗi adadinsu, a ƙirga a samu haka ne.

Na ce, "Baba, lafiya dai?"

Ya ce, "Ɗana, taho ka ƙirga mini wagga layi. Katan ukku sun ɓace mini tun azahar."

Na ƙirga, kaya cif suke. Ukun da yake nema na kyauta ne da suka bi motar Argungu da safe, an rubuta su a littafin garaɓasa, ba a babban littafi ba. Shi da kansa ya rubuta, ga hannunsa nan. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya zauna kan buhu ya cire hula.

"Wallahi ban tuna na rubuta ba," in ji shi.

Na ce ai gajiya ce, kowa na yi. Ya girgiza kai. Ya ce tun da aka fara wannan garaɓasa bai ci tuwon dare da ɗumi ba. Tirela ba ta isowa sai bayan isha'i, sai an sauke an ƙirga zai kulle, da asuba kuma motoci na jiran lodi. Ranar Asabar ya tsaya kemis an auna shi, aka ce jininsa ya hau, aka ce ya huta.

"To ka gaya wa Oga mana, Baba."

"In ce mashi mi? Shi ma can sama an ɗora mashi taget. Jiya na ji shi cikin waya yana ta ba da haƙuri. Kuma in na ce na gaji, yara nawa ke yawo da takardun makaranta suna neman kujerag ga?"

Ban sami abin cewa ba. Na buɗe masa ruwan leda kawai.

Abin da ke cin raina shi ne duk wannan ba ya fitowa a farin allon da ke ofishin Oga. Allon abu ɗaya ya sani: katan nawa suka fita. Kuma sun fita, ba ƙarya, layin watan nan ya haura na kowane wata. Amma allon bai san cewa makon jiya an kai wa dilan Bunza kayan dilan Kamba ba, sai da mota ta sake komawa, da man wa? Bai san bashin da diloli suka ɗauka don kada garaɓasa ta wuce su ba, wanda mu ne za mu yi ta sintirin karɓowa. Littafi ya zama biyu, lodi ya ninka, ma'aikata kuwa raguwa suka yi, don tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ake ta rage hannu, wanda ya tafi ba a maye gurbinsa. Ga shi da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin shekarar, 'yan Gaya ta Nijar da ke ɗibar kaya a Kamba suka ɗauke ƙafa, daga nan ne ma hedikwata ta kamu da son garaɓasa. An buɗe iyakar a Maris 2024, garaɓasa ba ta tafi ba. Baba shi ne mai ƙirga, shi ne mai rubutu, wani lokacin har ya kama wa 'yan dako. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Ni ba na ƙin talla, da kamashonsa nake cefane. Sabon kaya in ba a yi masa shela ba, ba a ba mutane sun gwada ba, zai tsufa a kanta. Amma taliyar da kowane gida ya riga ya sani, me ake koya wa mai saye da ragin kowane wata in ba jira ba? Kuɗin rigunan nan da huluna da an ɗauki yaro ɗaya ya riƙe wa Baba littafin kyauta, da ya fi mana amfani. Dokar ƙwadago ma ta ce wanda ya yi wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 da albashinsa. Hajiya akanta ta ce rabon Baba da karɓar nasa har ta manta.

Na yi niyyar tayar da maganar a mitin ɗin yamma. Oga ya shigo ido jajir, ya tafa mana kan adadin da muka fitar, ya ce hedikwata ta ƙara mako biyu. Aka tafa. Ni ma na tafa.

Ɗan Zuru a hanyar fita yana tambayata nawa ake ba da Keke Napep haya a wata. Wai ƙaninsa yake tambayar wa.

Gida ba wuta. Ƙaramar ta yi barci kafin in iso. Gobe Kamba, kuma Hajiya ta ce kuɗin mai sai na dawo.