Tsabar roba ta yi sauƙi, masu tsinto tsohuwar roba sun shiga uku

Sana'ata buga buta da bokiti da robar wanki, a wata 'yar masana'anta da ke Garwa, a arewacin Kamaru. Abin da muke zuba wa inji shi ne tsabar roba, fara sol kamar shinkafa, a buhu mai kilo 25. Daga ɗanyen mai da iskar gas ake fitar da ita, cinikinta kuma da dala. Ta sauka a Duwala, jirgin ƙasa ya kawo ta Ngaundare, manyan motoci su ƙaraso mana da ita.

A 2022 mun ji jiki. Yaƙin Rasha da Yukren ya kai gangar mai sama da dala 120, yuro kuma ya faɗi har dala ta fi shi daraja. Sefa a ɗaure take da yuro, don haka duk inda ya faɗi can muke binsa. Ba mu gama farfaɗowa ba Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023, darajarta ta faɗi, kayan robar Kano suka cika kasuwa da araha. Ɗan sari ya ɗaga butata, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya yaba kauri, sannan ya ce, "Alhaji, a rage mini, in ba haka ba ta Kano zan ɗauka."

Yanzu tsaba ta sauko. Sin ta gina masana'antu har kaya ya fi masu saye yawa, matatar Dangote ma ta fara fitar da tata a 2025. Aljihuna ya samu sauƙi, amma raina bai kwanta ba, saboda masu kawo mini tsohuwar roba.

Mata ne da samari, suna bin unguwa-unguwa da bola suna tattaro fasassun bokitai da kujeru. Mu auna a sikeli mu biya, mu ware kala-kala, mu wanke, mu niƙa, mu shanya a rana. Aiki ne mai cin ruwa da wuta, ga shi in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya ana rabon wuta. In wuta ta ɗauke roba na narke a cikin inji, sai ta daskare, a yini ana fama. Muddin sabuwar tsaba na da tsada, wahalar na biyan kanta. Da ta yi araha, masu masana'anta sai su juya wa niƙaƙƙiya baya, kuɗin kilo ya faɗi, mai tsintuwa ta ga yinin rana bai kawo kuɗin cefane ba, sai ta daina. Robar ta zauna a magudanar ruwa tana jiran damina, alhali duk mun ga abin da ambaliyar 2024 ta yi wa garin Yagwa, nan arewacin Kamaru.

Kamaru ta hana siririyar leda tun 2014, har yau da ita ake ɗaura tumatir. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yarjejeniyar roba ya watse a Janiba a watan Agustan 2025, don ƙasashe masu arzikin mai sun ƙi a ƙayyade yawan da ake sarrafawa. Ni abin da nake so a tilasta mana, mu masu bugawa, shi ne sa wani kaso na niƙaƙƙiyar roba a duk kayan da ba na abinci ba. Baƙin bokiti da robar wanki nawa da ita nake bugawa, ban kuma rage wa matan nan kuɗin kilo ba, ko da yake ribar bana ta ragu.