Kujera na saya, a tsaye na yi kallo

Asabar ɗin nan na bi ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa wasan waje zuwa Landan. Tikitina fam 30, har da lambar kujera a jiki, amma ban zauna ba sai da aka tafi hutun rabin lokaci. Haka ɓangaren baƙi yake, ana hura usur kowa zai miƙe. Ni kaina na fi son hakan, don waƙa ba ta fita da ƙarfi daga bakin wanda ke zaune, ga sanyi yana ratsa ƙashi.

Amma wani dattijo da ke gefena ya tsaya mini a rai. Ya zo da sandarsa da jikansa ɗan kimanin shekara bakwai. Minti ashirin ya iya tsayawa, gwiwa ta ƙi, ya zauna yana kallon bayan rigunan mutane. Yaron kuwa ya hau kujera yana ɗage, ina riƙe da kafaɗarsa kada ya faɗi. Da muka ci ƙwallo, sai kakan ya jawo hannuna yana tambaya wa ya ci. Wallahi sai da na ji kunya.

Bayan mutum 97 sun rasu sanadiyyar turmutsutsun filin ƙwallo na Hillsborough a 1989 ne aka wajabta kujeru a manyan filayen Ingila. Sai a 2022 aka dawo da wuraren tsayuwa masu ƙarfen dafawa. To tunda an dawo da su, me zai hana a ware layukan gaba ga masu son zama tun wajen sayar da tikiti? Da ƙyar na samu wanda ya yarda ya bar wa dattijon da jikansa kujerarsa a layi na biyu, saura minti goma a tashi.