Burodin naman Baba

Washegarin Babbar Sallar 2023 ne, ƙarshen watan Yuni, ranar suya. Duk mun taru a gidanmu na cikin garin Katsina wajen Ƙofar Sauri, tsakar gida ta turnuƙe da hayaƙi da ƙamshin kitse, yara sai zarya suke da 'yan kwanoninsu, ni da matan yayyena muna bakin murhu. Aka zaɓo ma Baba nashi, wurin da ya fi laushi, na kai mashi zaure. Ina tsaye ina mashi sannu da hidima sai naga ya ɗauki tsoka ɗaya ya sa baki, ya juya ta ya juya ta, can ya fiddo ta a hankali ya aje gefen faranti ya ja murfi ya rufe don kar in gani. Amma na gani. Wallahi har na koma gida da daddare abin na tsaye mani a ƙirji, don wannan mutumin duk tasowarmu in ya taso daga kasuwa da wuya ya shigo hannu rabbana, in ba tsire ba to balangu a takarda, ko mun yi barci sai ya sa an tashe mu mun zauna kewaye da shi yana yagowa yana miƙa ma kowa.

Ciwon suga ne ya taɓa mashi dasashi, cikin shekara biyu haƙoran tauna suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Mun gwada farfesu har ya gaji, yace shi ba mai jego ba ne ba kuma majinyaci ba, a daina kawo mashi ruwa ana ce mashi nama. Dambun nama kau sarƙe shi yake, ranar da ya ƙware da shi hankalin kowa sai da ya tashi, Inna tace kar a sake.

Ƙanwata da ke aure a Amurka, jihar Ohayo, ita na kai ma kukana a WhatsApp. Tace Yaya ki gwada mitlof mana. Nace mene ne kuma haka? Ta turo mani hoto, kuma gaskiya zan faɗa, raina bai so shi ba. Nama ne an niƙe an cusa a gwangwanin burodi an shafe samanshi da wani jan abu mai ƙyalli, an yanka shi yanka-yanka. Mu da muka san nama da tsoka da ƙashi da jijiya, ka ja ka tauna ka tsotse ɓargo, ido na bai karɓi wannan a matsayin nama ba. Da ta ce ma ana zuba burodi da madara a ciki, kuma jan abin nan na sama har da suga, sai nace a'a ke dai bari. Tace to Yaya ai ba don ke ba ne, don Baba ne. Na yi shiru.

Na farko da na yi bai yi ba sam. Na je kasuwa na sa mahauci ya yanko mani zallar cinya, ja wur babu ɗigon kitse, don a tunanina ai shi ne mai kyau, aka niƙa mani. Burodin da tace in jiƙa na ƙi jiƙawa, na marmasa shi a bushe. Sannan na zage na murje kwaɓin da ƙarfi kamar mai kwaɓa fulawar cincin, da ya fito kuma ban bari ya huce ba na sa mashi wuƙa, ɗan ruwan da ke ciki duk ya tsiyaye a faranti. Ya fito a bushe, da tauri, ko ni mai haƙora sai da na nemi ruwa. Ban kai ma Baba ba. Na marmashe shi na zuba a miyar taliya, don nama dai ba abin zubarwa ba ne balle a shekarar nan da aka cire tallafin mai komai ya yi tashin gwauron zabi.

Bayan nan ne na zauna na karanta abin da kyau, kuma nan na fara ganin shi da wani ido. Ashe abincin talakawa ne. Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, shekarun 1930 mutane ba aiki ba kuɗi, mata su ke ɗaukar ɗan naman da ya samu su haɗa da ragowar burodi ko hatsi da ƙwai da albasa don ya yi auki ya ishi gida. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, daga 1943 nama ma da kati ake sayen shi a can, dabarar ta ƙara zama. Jamusawa kuma suna da nasu tun da daɗewa, har suna mashi laƙabi da zomon ƙarya, wasu na sa dafaffen ƙwai a tsakiya. Ina karantawa ina tuna Inna, yadda take yanka nama ƙanana-ƙanana a miya don kowane yaro ya samu nashi, yadda take ƙara wake a shinkafa in baƙi sun sauka ba shiri. Auki dai auki ne, uwa ce ke tsaye gaban murhu tana lissafin bakuna, ko a Katsina take ko a Ohayo.

To ga yadda nake yi yanzu, bayan na lalata kusan sau uku.

Sirrin farko kitse ne. A kilo ɗaya ina so kashi ɗaya cikin biyar ya zama mai, wato kamar giram 800 na tsoka da 200 na kitse, kuma ni tozo nake sa a haɗa mani, don tozo in ya narke a ciki ƙamshin shi daban ne, wannan kau ko su can ba kowa ke samu ba tunda yawancin shanunsu ba su da tozo. Da sassafe nake zuwa, in tsaya a gabana a wanke injin a niƙa, in dawo gida kai tsaye. Don Allah 'yan uwa kar ku saya niƙaƙƙen nama ku biya gidan suna ko gaisuwa da shi a leda, zafin garin nan musamman watan Afrilu da ake haura digiri 40 ba ya ragawa, kuma niƙaƙƙe ya fi tsoka saurin lalacewa nesa ba kusa ba.

Sai burodi yanka uku ko huɗu, in ya kwana ma ya fi, a cire ɓawon a jiƙa a rabin kofin madara, ko ta gari ce a dama ta yi, a bar shi ya sha har ya zama kamar kunu mai kauri. Wannan jiƙon shi ne ke riƙe ruwa a cikin naman ya hana shi ƙanƙancewa ya yi tauri in ya ji wuta, shi ne na raina a farko kuma shi ne duk laushin. Albasa babba ɗaya a yanka ƙanana sosai a soya ta sama-sama da ɗan mai har ta yi laushi, a bari ta huce, kar a zuba ɗanya don ba ta gama nuna a ciki kuma mai ciwon dasashi zai ji ta. Ƙwai biyu. Tafarnuwa, citta, masoro, ɗan kanumfari kaɗan, gishiri, magi, attaruhu ɗaya tak saboda Baba. Wata rana na jefa ɗan garin daddawa kamar rabin ƙaramin cokali, tun daga ranar ban sake yi babu ita ba, ita ce ta mayar da abin namu.

Haɗawa kuma da yatsu ake yi a hankali, da zarar komai ya shiga juna a tsaya. In kina shakkar gishiri ki ɗebi ɗan kaɗan ki soya a kasko ki ɗanɗana kafin ki gasa duka.

Jan abin saman nan da ya fara kore ni, su can tumatirin kwalba mai zaƙi suke sawa da suga, wasu su ƙara wani baƙin ruwan ɗanɗano na Ingila da ake kira Wusta. Da na duba kayan haɗin shi sai naga ashe har da tsamiya a ciki. Tsamiya fa, wadda ke zube a kowace kasuwa tun daga nan har Mashi da Mai'adua. Sai kawai na jiƙa tawa na tace, na haɗa da tumatirin gwangwani cokali biyu da ɗan yaji na dafa ya yi kauri. Na Baba ba na sa suga ko kaɗan, namu na gida ina ɗiga zuma.

Mai oben ta sa a digiri 180, awa ɗaya zuwa awa da kwata, a shafa jan haɗin in ya rage kamar minti 20. Ni dai sau biyu ana ɗauke wuta abu na ciki, daga nan na koma yadda muke gasa kek tun muna 'yan mata, babbar tukunya, yashi mai tsabta a ƙasa, a bari ya yi zafi sosai, a ɗora gwangwanin a kan ɗan murfi ko duwatsu uku don kar gindin ya ƙone, a rufe, garwashi a ƙasa madaidaici a kuma zuba wani a kan murfin. Yana ɗan fi daɗewa kuma sai kina leƙawa kina gyara wuta, amma akwai wani ɗan ƙamshin gawayi da yake kamawa wanda ke kai shi kusa da balangu, ni yanzu ko da wuta na fi son na tukunya. Abu ɗaya da ba wasa a ciki, dole tsakiyar ya nuna sarai. Tsoka in an gasa ƙwayoyin cuta a bayanta suke wuta na kashe su, amma in an niƙa sun shige ko'ina, shi ya sa masana ke cewa cikin ya kai digiri 71. Ƙanwata ta aiko mani da ɗan ma'aunin da ake sokawa, kafin ya zo kuma ina soka wuƙa a tsakiya in ga ruwan ya fito garau ba ja, in na yi kokwanto in ƙara mashi minti goma. In an sauke a ba shi minti 15 ya huta kafin a yanka.

Ranar da na kai ma Baba wanda ya yi kyau, bayan la'asar ne, yana zaure da rediyon shi. Na yanka yanka biyu na aje, nace Baba ga wani abu ku taɓa. Ya duba ya duba yace burodi ne? Nace ku dai ci. Ya gutsira da yatsa ya sa baki, ina kallon muƙamuƙin shi, ya yi shiru, ya sake gutsira babba. Bai ce komai ba har ya cinye yanka ɗaya, sannan yace "Ikon Allah, burodin nama. Allah ya yi maki albarka." Na fita da sauri na shige ɗakin Inna don kar ya ga idona. Sunan da ya bi shi kenan a gidanmu, har jikoki ba wanda ya san wani mitlof.

Ni kuma fa? Watanni ina yi ina kai mashi ban cika ci ba, in na ɗanɗana gishiri shikenan. Baba ne ya lura, yace shi ba ya jin daɗin ci shi kaɗai, tunda can ma bai saba ba, in zauna. To ba a ce ma Baba a'a. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai in zauna gefen tabarma ya gutsiro ya miƙo mani kamar yadda yake mana da tsire muna yara, yana ba ni labarin Katsinar da, lokacin da ganuwa ke tsaye sosai, da yadda suke hawa hasumiyar Gobarau suna samari su hango gari. A haka a haka bakina ya saba, har na fara jiran Juma'a.

Inda na tabbatar ya shiga raina shi ne cikin hunturun da ya wuce. Autana ya kwana uku a asibiti da zazzaɓi, ranar da aka sallame mu na dawo gida jiki duk ya mutu, ga sanyi ga ƙura, ba na son magana da kowa. Da nake yarinya in na shiga irin wannan hali ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka da man shanu kawai ke dawo da ni. Na buɗe firij sai ga ragowar burodin nama na ranar Juma'a. Na yanka mai kauri na sa a kasko da ɗan man shanu har gefen ya yi ƙyas-ƙyas, na barbaɗa yajin ƙuli, na dafa shayi da citta, na zauna a ƙasa cikin kicin na jingina da bango ina ci. Sai naji kamar ina zaure kusa da Baba, har da ƙarar rediyon. Ashe shi ma kamar tuwo ne, ɗumamen shi ya fi sabon daɗi. Da na faɗa ma ƙanwata tace ai can ma haka ne, washegari a tsakanin burodi suke sa shi su tafi da shi wurin aiki.

Jiya Alhamis na je kasuwa, mahaucin na hango ni ya fara ciro tozo tun ban yi magana ba, yace Hajiya na Baba ne? Nace na Baba ne, amma yau ƙara rabin kilo, don Inna ma ta ce a riƙa yanka mata nata daban, ita da ɓawon gefe take so.